Kallon Giwa da Damina

Ni na zaɓi watan, don haka ba zan ɗora wa kowa ba.

Yayata, wadda nake bi ciki ɗaya, ita ta riƙe ni bayan rasuwar innarmu. A shekarar da nake magana ta haura sittin, mijinta ya rasu, ta dawo gidana da zama a ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure. Da ta fara tuntuɓe da buta, tana ture kwanon da ke gefenta, mun ɗauka tsufa ne. Da muka kai ta asibitin ido a birni, likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce ganin daga gefe yake tsukewa, kamar ana ɗinke bakin buhu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa ciwon gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Na ce saura yaushe. Ya ce sai Allah. Na ce na san sai Allah, kai me ka gani? Ya ce in akwai abin da take son gani, kada a daɗe.

A hanyar dawowa na tambaye ta. Na zaci jikokinta na Kumbotso za ta ambata. Sai ta ce giwa.

"Giwa kuma, Yaya?"

"Giwa. Kullum Baba sai ya ba mu labarin kakansa ya ga sawunta a bakin kogi. Shekara sittin ina jin sunan abu ban san fuskarsa ba."

Maigidana ne ke tuƙi. Yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar tumatir. Ya ce abu mai sauƙi, ga gidan zu nan a birni, a juya yanzu ma, kafin la'asar mun gama.

Yaya ta ce, "A'a, Malam. Ba ta ɗaure nake so ba. Akuya ma in an turke ta, ba kamanninta ke nan ba."

Lokacin ina shekara ta uku a ajin manya. Na haura arba'in kafin na san yadda ake riƙe biro, kuma da na sani ɗin, kaina ya ɗan yi girma. Na ce su bar mini wannan, ni zan bincika. Na je wurin malamarmu, ta buɗe wayarta muka duba tare. Dajin Falgore ya fi kusa, amma ta ce giwa a can ba tabbas. Yankari a ƙasar Bauci yake, tafiyar yini guda, nan ne aka ce akwai garke. Na ga hoton giwaye cikin ciyawa kore shar, na karanta sunan wurin da kaina, harafi harafi. Na rubuta shi a littafina. Ban tambayi watan da ake zuwa ba. Ban ma san akwai abin tambaya ba.

Sai mutum ya san zamanmu zai gane wautar. Mu nan ba mu da rani irin na mutane. Tun ina yarinya aka jawo ruwan dam ta kanal har bakin gonakinmu. Watan da sauran ƙasa ke bushewa, mutane na zaune a gindin bishiya, shi ne mu ba ma ganin gida: tumatir, albasa, alkama, ban ruwa, tsinka, lodin kwando. Ɗan sararin da muke samu yana tsakiyar damina, bayan an gama dashen shinkafa an yi mata taki. A nan ake sa biki, a nan ake zuwa gaisuwar da aka daɗe ba a je ba. To a nan na sa tafiyarmu. Har na ƙara da nawa hankalin, na ce ai dabba in ciyawa ta fito ita ma fitowa take. Likita mun gan shi ne a ƙarshen bazara. Wata huɗu na sa Yaya ta jira.

Muka tafi cikin Agusta, mu uku a gaban mota. Daji ya yi kyau ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Amma ciyawa ta fi motar yawon tsayi. Muka yi ta zagaye, ruwa na yayyafi, wasu hanyoyin ma ba su biyuwa saboda taɓo. Abin da muka gani: birai a masauki, da wani gadu da ya gilma da gudu, jela a sama. Yaya ba ta ma gan shi ba, kafin ta juyo ya shige. Ma'aikacin da ke zagayawa da mu, dattijo ne mai haƙuri, ya nuna mana kashin giwa a gefen hanya. Ya ce yanzu sun bazu cikin daji, da rani ake zuwa. Na ce masa mu da rani aiki muke. Ya ce to, Hajiya, su ma ba sa duba ranar hutunku.

Duk tsawon hanyar dawowa Yaya ba ta ɗora mini laifi ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana biyu Bafulatanar da ke kawo mana nono ta shigo. Rugarsu na bayan babban kanal, mun fi shekara ashirin tare, ba ma raga wa juna. Ta sauke ƙwarya ta ce ta ji an je kallon giwa, yaya aka baro ta? Na ba ta labari. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi.

"Kai, Haɓe! Da damina? Ke da kike zuwa boko da jaka?"

Na ce ta auna nono ta bar ni.

"A'a, tsaya in koya miki abin da ba ya cikin littafin. Yanzu in kina neman shanunmu, ina za ki?"

Na ce oho, daji.

"To da bazara fa?"

Na ce bakin kanal, inda kuke ɓata mana albasa.

"Ashe kin sani. Da damina kowane rami ruwa ne, dabba ba ta da dalilin zuwa inda kike. Sai tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, ƙishi ya kawo miki ita har gabanki. Ku ruwa ya sangarta ku, kun manta abin da ƙishi yake sa mai rai."

Ta juya wajen Yaya ta ce, "Inna, da ni kika tambaya. Waɗannan masu takarda sai a hankali."

Gaskiya ta faɗa. Kowace shekara ina kallon shanu na tururuwa bakin kanal da bazara, ina zage-zage, ban taɓa kai tunanina can ba.

Na lissafa. Lokacin da ya fi shi ne bayan sanyi ya wuce, zafi ya kama, kafin ruwan farko. Wata shida ko bakwai ke nan nan gaba. Kuma daidai ƙarshen tsinkar tumatir, ga yankan alkama. Na faɗa wa maigidana tun a ranar, don kada ya ce na zo masa da abu kwatsam. Ya ce Allah ya kai mu. Na san ma'anar wannan amsar a bakinsa.

Watannin nan ni nake ɗiga wa Yaya magani safe da yamma. Wani lokaci sai in tsaya a gefenta in ɗaga hannu, in ga ko za ta lura. Da farko in na matso kusa da kafaɗarta tana gani. Kafin a shuka alkama sai na zo gabanta sosai. Ta gane abin da nake yi, ta ce in daina auna ta kamar hatsi.

Da Maris ya kama na ce wa maigidana jibi za mu tafi. Yana wanke ƙafa, ya dawo daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ke nan. Ya ce, "Ke, kina da hankali kuwa? Tumatir ya nuna a gona, kwana uku ba mota? Ki bari a kwashe, sati uku ne."

Na ce, "Sati uku, sai alkama. Bayan alkama, sai gyaran gonar shinkafa, sai ruwa ya sauka. Malam, ni na ɓata na farko, ba zan ɓata na biyu ba. Tumatir baɗi ma za a yi."

"Na gonarki fa ya fi nuna."

"Ya ruɓe. Tawa ce."

Ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafar da ta riga ta fita. Can ya ce sai an canza tayar baya. Mutumin kirki ne, ja kawai yake so a yi da shi.

Wannan karon da ƙyar na gane dajin. Ciyawa ta kwanta, wani wurin an ƙone, kana hangen nesa ta tsakanin bishiyoyi. Zafi kamar bakin murhu. Dattijon nan ne dai muka samu, ya gane mu, ya ce yau kun zo a kan gaɓa, amma dabba ba ta alkawari. Yammar farko muka ga ɓauna da gwanki da wasu bareyi da ban riƙe sunansu ba. Giwa babu. Yaya ta ce ba komai. Na ce da komai, gobe ma muna nan.

Washegari da hantsi muka gangara wajen kogin da ba ya ƙafewa. Direban motar yawon ya kashe ta ba tare da an ce masa ba. Dattijon ya nuna da baki. Suna tsallaken ruwa, sun fi goma, har da ƙanana biyu. Ba su damu da mu ba ko kaɗan.

Na ce, "Yaya, ga su!"

Ta yi ta juya kai, dama, hagu. "Ina? Ina suke?" Ganin da ya rage mata a lokacin bai fi bakin ludayi ba. Dabba mafi girma a kan tudu tana gabanta, ba ta same ta ba.

Na koma bayanta na kama kanta da hannu biyu, na ce ta saki wuya. Na sa kumatuna a jikin nata don in daidaita, na juya ta a hankali kan babbar da ke gaba. Na ji ta ɗauke numfashi.

"Wannan mai kaɗawar fa?"

"Kunne ne."

"Kunne? La'ilaha illallahu. Sauko da ni."

Na sauko da kanta kaɗan kaɗan, ta bi haure, ta bi hancin har cikin ruwa. Ta ce in kai ta ƙafa. Na kai ta. Ta ce in koma sama. Haka muka bi giwar nan gaba da baya, in ta matsa in sake nemo mata ita. Hannuna ya yi tsami, gumi na zuba a idona. Maigidana ya ce in kawo ya karɓe ni, Yaya ta ce a'a, wannan ta san inda nake gani.

Ban san tsawon lokacin ba. Da garken ya fara hawa gaɓa zai shiga bishiyoyi, na ce ko in nemo mata ƙananan. Ta ɗora hannunta a kan nawa ta sauke shi.

"Bari haka. Kada in cika, in rasa wadda na riƙe."

Ta rufe ido, dattijon ya ce wa direba ya ɗan dakata tukuna.