Hotunan da Delu Ta Yanke wa Wuya

Da sunan Allah za a hwara, tsira da aminci su tabbata ga Manzonai. Wanga labarin Haliru mai gem na, na Jega, shi da uwatai Delu. Allah shi jiƙansu su biyu.

Haliru mutumin Gehuru na, kuma shi na ɗan farin Delu. Kun san sha'anin ɗan fari, ba ta taɓa kama sunanai ba, in za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Tun shina saurayi yab bar gona yat tahi Aliero dakon albasa. Daga dako yaz zama yaron mota, shina bin lodin albasa har Legas. Ba a jima da yanke muna jiha daga Sakkwato ba yad dawo da wani ɗan akwati da aka haɗawa da talabijin. Sai a cusa mai kaset bisa kai, 'yan mutane su hito cikin gilashi suna gudu suna tsalle, ga wani kiɗa na tashi tin-tin-tin. Gem aka ce mai. Haliru yak kahwa rumfa bayan tashar Jega, batirin mota guda da benci, yaɗ ɗauko uwatai da matatai Salima daga ƙauye. Samari har daga Maiyama suna hawo babur su zo su yini ciki.

Cikin kwalin akwatin anka ishe wani littafi mai kauri awa bulo. Rubutunai ba boko ba, ba ajami ba, wai na Japan na. Kowane shafi hotunan kaset a jere, da 'yan mutanen da ke cikin kowane. Haliru bai iya karanta ko baƙi guda ba, amma da littafin shika fatauci. In ya isa Legas sai shi buɗe shi ɗora yatsa, mai shago shi ɗauko mai kaset ɗin. Sunaye ma shi yab ba su: ga Mai Garkuwa, ga Ƙadangaren Wuta, ga Tsohuwa Mai Tsintsiya. Mutum na mai raha, ba shi barin sallah ta wuce, da an kira sai shi zare waya ko da wasa ya yi daɗi, samari na ihu shina dariya. Delu dai ba ta son littafin. Daga dama aka buɗa shi kamar littattafan malamai, amma ciki ba komi sai idanu. In ta bi kusa da shi sai ta yi a'uziyya.

Bayan 'yan shekaru mai shagon Legas ɗin yac ce ma Haliru akwai mutane ƙasashen waje da ka tara tsohon kayan gem, kamar yadda mata ka tara kwanon jere. Ba wasa suka yi da su ba, ajewa kawai. Irin littafin nan an daina buga shi, in babu yaga babu zane ciki, za shi ba Haliru abin da ka sayen babur. Haliru yaƙ ƙi. Da yad dawo yac ce ma Salima: "Ki kula man da shi. Ni ban da gona ban da shanu, wanga shi na gadon Hamida." Hamida ita ta ɗiyarsu guda, lokacin ko yaye ba a yi mata ba.

Sai ciwon hanta yak kama shi. Anka kai shi asibiti Birnin Kebbi, likitoci sunka ce a maida shi gida a yi ta addu'a. Ido yay yi rawaya, ciki yak kumbura, hankali na tahiya shina dawowa. Yas sa littafin ƙarƙashin kainai awa matashi. In an taɓa sai shi zabura shi riƙe da hannu biyu, shi da ko moɗar ruwa ba shi iya ɗagawa. In an ce mai "La'ilaha illallahu", sai shi kalli bango shi ce ga su nan suna hawan katanga, shi kama wanga kiɗa da baki, tin-tin-tin.

Abin da yah hana Delu cin abinci ke nan. Mutuwa ba ta ba ta tsoro ba, ta binne miji ta binne ɗiya. Tsoronta ɗanta shi cika da kiɗan gem a baki maimakon kalmar shahada.

Tat tahi wurin Malam Ladan, limamin shiyarsu, tad durƙusa bakin zaure. Malam yac ce mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da ke da hoton mai rai, a hidda littafin. Tac ce an gwada, wancan har suma yay yi. Malam yac ce to hoton da anka yanke ma wuya ya zama tamkar icce.

Tab biya kanti tas sayi reza.

Almu, ƙanen Haliru, shi yat tare ta bakin ƙofa. "Inna, aski za ki koya da tsufa? Kan wa za ki hwara?"

"Kan ubanka. Ba ni hanya."

Da yag gane inda tan nuhwa, dariya taɗ ɗauke mai. "Inna, don Allah! Babur na hwa kika shirin yankawa. In kinka zana shi ko ɗan tsire ba shi naɗe nama da shi. Yarinyar ga mi za ta ci?"

"Wanda yah halicce ta bai mance bakinta ba. Wancan kau ina za shi in ya tahi haka? Kai za ka raka shi kabari da babur?"

Salima na tsaye goye da Hamida. Delu tad dube ta, don haƙƙin na ɗiyarta na. Salima tas share ido da bakin zane tac ce: "Ki yi, Inna."

Delu taz zamna gehen tabarma, taj jawo littafin a hankali, tab bar mai kusurwa guda cikin hannu. Ta buɗe shafi, ta yi bisimilla, ta ja reza bisa wuya. Wani shafin mutum biyu, wani sun hi goma, wasu ƙanana awa ƙwayar gero sai ta matse ido. Wasu ma ba a gane dabba na ko mutum, ko ina wuyan shike, duk ta yanke. Haliru na kallon hannunta. Da taz zo ga wani yac ce: "Inna, wannan Mai Garkuwa na, bai da laifi." Tac ce: "Na sani," taj ja. Yini tay yi, gari yaw waye tak koma, yatsunta duk jini, har tak kai shafin ƙarshe. Tar ruhe, tam maida mai ƙarƙashin kai, tas sa anka share ɗakin anka yi turare.

Da hantsi numfashin Haliru yas sake. Delu tad duƙa har kunnenta na taɓa bakinai. Ran nan kunya tak kau. Tac ce: "Haliru. Haliru ɗana, ce La'ilaha illallahu." Leɓenai yam motsa, yas sake motsawa, shi ke nan. Salima, da ke wajen ƙahwahu, tana kuka tana hwaɗin wallahi ya yi, ta ji da kunnenta. Delu tas shafe mai ido.

Bayan sadakar arba'in sai ga mai shagon Legas, direbobin albasa sun kai mai labari. Yay yi gaisuwa, Almu yam miƙa mai littafin tsakar gida, mata na bakin ƙofar ɗaki. Yab buɗe nan, yab buɗe can, yad dafe kai. Yac ce wanga kam ya tashi aiki, sai dai ko takardar da anka naɗe bangon da ita ta yi kuɗi. Mutanen gida ba su san tana hita ba. Yas sa yatsa yaz zare ta awa riga.

Ƙarƙashinta, bisa ainihin bangon, ga hoto guda babba ya cika wurin. Wani yaro na mai manyan idanu, shina dariya, wuyanai lahiya lau. Nan Haliru yaɗ ɗora kai har yac cika.

Delu tas sulale taz zamna ƙasa. Salima tar riƙe mata kahwaɗa tac ce: "Inna, ai ya yi. Ni daga nesa naj ji. Ke kinka hi kusa, don girman Allah mi kinka ji?"

Delu ba ta ɗauke ido daga hoton ba. Tac ce: "Na ji leɓenai na motsi, ɗiyata. Miƙo man rezar nan."