Tikitin Malam Arzika

Har gobe ban manta da wata Litinin ta ƙarshen watan Disamba ba, lokacin ina shekarata ta biyu a shagonmu na Gwadangaji, nan Birnin Kebbi. Ku da kuka fara aiki bana kuna ganina a kujerar manaja, kuna cewa Oga Nasiru ba ya dariya. To ku matso ku ji dalili, domin a kan teburin nan da kuke zaune abin ya faru.

A wancan lokacin ni kashiya ne, mai karɓar kuɗi da buga tikiti. Sama da ni akwai manaja, Oga Bala, sama da shi kuma mai shago, wanda ba mu ganinsa sai ƙarshen wata. Ga wanda bai san harkar ba, mutum ne zai zo ya zaɓi wasanni, ya faɗi ƙungiyar da yake ganin za ta ci a kowanne, ya biya, kwamfuta ta fitar masa da 'yar takarda. In wasa shida ya haɗa, sai duka shidan sun zo daidai. Ɗaya ya kuskure, takarda ta zama shara. Ba mu karɓar suna, ba mu karɓar lambar waya. Kamashon shago kuwa yana fitowa ne daga abin da ya rage bayan an biya waɗanda suka ci a makon. Mu daina ɓoye-ɓoye, faɗuwar mutane ce albashinmu. Caca ce, kowa ya san hukuncinta, mu ma mun sani, shi ya sa ƙofarmu ke kallon lungu ba titi ba.

Ƙwallon Amurka ni na shigo da ita shagon nan, wannan laifina ne ba na kowa ba. Ba irin ƙwallonmu ba ce. Ƙartai ne sanye da hular kwano suna kokawa a kan wata ƙwallo mai kama da gwanda, ana ƙidaya maki. Ba wanda ke kallonta a garin nan, don sa'ad da suke bugawa mu muna barci, da safe kawai ake ganin sakamako. Amma na lura ba a cika yin kunnen doki a cikinta ba, sai na ɗauki alli na rubuta a allon shago: ko ci ko faɗuwa, babu na uku. Kai, maganar nan ta ja mutane! Na riƙa karanta labaranta a waya, kowane mako ina rubuta zaɓina a allo, har aka sa mini suna Ba'amurke. Sunayen ƙungiyoyin ba su faɗuwa a bakin mutanenmu, sai dai a ce masu jar riga, masu farar riga.

A cikin waɗanda allon ya ja akwai Malam Arzika, manomin albasa daga wani ƙauye kusa da Argungu. Dattijo ne, ya haura hamsin, mai sanyin magana. Akwai shaguna irin namu a Argungu, amma ba ya shiga, sai ya biya kuɗin mota ya zo Birnin Kebbi don kada wanda ya san shi ya gan shi. In na miƙa masa tikiti, sai ya ninke shi huɗu ya sa cikin hula ya mayar a kai. Da can ɗari biyu ko ɗari biyar yake sakawa, ya ci ko ya faɗi ya yi murmushi ya tafi.

Ranar Asabar ɗin makon ya zo ba murmushi. Ya zaro kuɗi daga aljihun ciki, naira dubu arba'in, ya ajiye a gabana. Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ɗana, injin ban-ruwana ya ƙone. Na yi dashen albasa sati ukku ke nan. Maƙwabcina ya ara min nashi sau biyu, ya ce ba shi iya ƙarawa, shi ma tashi gonar na jira. Waɗanga kuɗɗi ba su sayen inji, ko tsoho. Zaɓo min shidda masu kyau cikin ƙwallon nan taku da babu kunnen doki."

Na zaɓa masa shida, ya ce a buga. In duka suka zo, zai karɓi dubu ɗari huɗu da hamsin. Biyar za a buga su tsakanin Asabar da Lahadi, na ƙarshe sai daren Litinin ɗinsu, wanda mu nan sai safiyar Talata za mu ga sakamakonsa. A na ƙarshen na ɗora shi a kan masu jar riga, ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a shekarar.

Safiyar Litinin na buɗe kwamfuta, wallahi biyar ɗin nan duka sun zo. Na yi tsalle kamar nawa ne. Daga nan na buɗe teburin gasar don in sabunta allo, sai na ga matsala. Ku fahimci yadda abin yake. Ƙarshen kakar wasa ce, ana neman gurbin shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Ƙungiyar da ke bin masu jar riga a baya ta faɗi ranar Lahadi, a ɗaya daga cikin wasannin da Malam Arzika ya ci. Da wannan faɗuwar, masu jar riga sun riga sun kama matsayi na ɗaya, ko sun ci wasan Litinin ko sun sha kashi babu abin da zai canja musu. Su kuwa masu farar riga da za su kara da su, in ba su ci ba an fitar da su. A ƙwallon Amurka ana jin ciwo ƙwarai, don haka koci mai hankali yakan ajiye manyan 'yan wasansa a benci a irin wannan rana, ya tura yara. Na karanta wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Akwai abin da muke kira kash-awut, wato kamfani ya yi wa mai tikiti tayin wani abu ya karɓa tun kafin wasan ƙarshe, a kashe tikitin. Na duba na Malam Arzika, tayin ya kai dubu ɗari uku da 'yan kai. Kocin bai ce komai ba tukuna, don a can ƙasarsu gari bai waye ba, shi ya sa farashin bai motsa ba.

Na shiga wurin Oga Bala na zayyana masa komai. Ya saurara yana taunar goro, sannan ya ce, "An sanar?"

Na ce, "Ba a sanar ba, Oga, amma na tabbata."

Ya ce, "To hasashenka ne. Mi doka tac ce? Kashiya ba ya ba da shawara. Mutum ya ce a fitar mashi, ka fitar. Bai ce ba, ka kama bakinka. Ka san abin da dubu ɗari ukku za su yi ma kamashon satin ga? Ƙarshen wata na hwa. In mai shago ya zo, kai za ka yi mai bayani."

Na so in ce, shawarar da nake rubutawa a allo kowane mako fa, ita ba shawara ba ce? Wato a ce wa mutum shigo halal ne, a ce masa fita ne laifi? Amma ban faɗa ba. Na ce to, na koma teburina. Tsoro ne, ba wani abu ba. Albashina nake ji, da haya, da mace mai ciki a gida.

Wajen ƙarfe goma Malam Arzika ya shigo. Ya cire hula ya fito da tikiti, na sa a na'ura, na juya masa fuskar kwamfuta ya ga layi biyar kore. Ya dafa tebur ya ce, "Allahu Akbar." Na nuna masa tayin kamfani, don wannan doka ta yarda. Ya yi lissafi da yatsu. Ya ce da wannan zai sayi sabon inji da tiyo da man sati biyu, gobe-gobe ruwa ya shiga gona. In kuwa ya jira zuwa safe, har taki zai samu da man da zai kai shi cirar albasa.

Sai ya dube ni ya ce, "Ba'amurke, kai na masani. Ni ban taɓa ganin wagga ƙwallo da idona ba. Mi kag gani? In amsa, ko in jira?"

Oga Bala yana tsaye a bakin ƙofar ofis, hannu a aljihu. Ban kalle shi ba amma na san yana nan. Na ce, "Baba, masu jar riga su ne na ɗaya a teburi, wasa biyu kawai aka ci su bana. Amma zaɓi naka ne."

Ba ƙarya a cikin abin da na faɗa, ko kalma ɗaya. Sai dai na san abin da na ɓoye, kuma na san yadda zai ji maganar. Ya yi dariya ya ce, "To ai ka gama magana. Wanda anka ci sau biyu cikin shekara, ba a kaina za a ci shi na ukku ba." Ya ninke takardarsa huɗu, ya sa a hula, ya sa mini albarka, ya fita neman motar Argungu.

Bayan la'asar sanarwa ta fito. Koci ya ce manyan 'yan wasansa biyar ba za su buga ba. Ina kallo tayin ya gangaro daga dubu ɗari uku zuwa dubu ɗari da wani abu. Ko a hakan ma da ya samu tsohon inji. Amma ina zan gan shi? Ba ni da lambarsa, ban san sunan ƙauyensu ba, abin da na sani kawai Arzika, manomin albasa. Arzika nawa ke noman albasa a ƙasar Argungu? Na fita bakin lungu na tsaya kamar wanda zai hango shi, na dawo na zauna. Ranar ban iya cin abinci ba.

Safiyar Talata na zo buɗe shago na tarar da shi a tsugune a bakin ƙofa, ya riga ni. Har da wani buhu ya zo da shi wanda zai sa tiyo. Ni kuwa tun a gida na ga sakamako, masu farar riga sun lallasa su. Na buɗe, na karɓi tikitin, na sa a na'ura don dai in cika ƙa'ida. Layi na shida ya fito ja. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Babu ko kaɗan da anka rage?" Na ce babu, Baba. Ya ce, "Inna lillahi." Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko zan iya ba shi kuɗin mota, don da na zuwa kawai ya fito. Na ba shi daga aljihuna, ya yi ta godiya har na rasa inda zan sa kaina. Da ma marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A makon shago ya samu kamasho mai kyau. Mai shago ya zo ya yaba, ya ƙara mini wani abu a kan albashi. Na karɓa.

Ban sake ganin Malam Arzika ba sai cikin watan Afrilu, da aka tura ni Argungu duba wani shago da za mu kama haya. Na bi ta wurin da ake loda albasa, buhuna jibge ana ɗora wa manyan motoci. A cikin masu dako na ga wani dattijo da buhu a ka, wuyansa na rawa. Shi ne. Ya sauke ya zo da sauri yana share hannu a riga, yana cewa, "Ba'amurke! Yau kai na garinmu?"

Na tambaye shi gona. Ya ce ya yi ta ɗibar ruwa da bokiti shi da iyalinsa kwana goma, suka ceci kunyar albasa huɗu, sauran suka bushe. Gonar ma ya ba maƙwabcin nan nasa haya. Ya faɗa mini haka ba tare da ƙorafi ba. Sannan ya ce, "Kada ka sa komi ga ranka, ɗana. Kai dai ka gaya min gaskiya bakin saninka. Allah na bai nuhwa ba." Ya je wurin wata mai tsibi ya sayi albasa da kuɗin dakonsa, ya ƙulla a leda ya ba ni, wai baƙo ba ya koma hannu sake. Na ƙi, ya rantse, na karɓa. Na kasa gaya masa cewa na sani tun safiyar Litinin ɗin.

Har na juya ya kira ni, ya rage murya ya ce, "Yaushe za a koma ƙwallon nan ta Amurka?"

Na ce, "An daina ta, Baba. Kamfani ya cire ta gaba ɗaya." Ƙarya ce, Satumba za a koma. Na yi ta ne ko Allah zai sa ya huta.

Ya ce, "Ashe? To ba komi. Ta Turai ai tana nan." Ya koma ya tsuguna aka ɗora masa wani buhun.

Shekara ba ta zagayo ba Oga Bala ya tafi, aka ba ni kujerarsa. Yanzu ni ke karanta muku dokar nan ranar da kuka fara aiki, cewa kashiya ba ya ba da shawara, kuma ban da ikon soke ta. Allon kawai na iya cirewa, shi ya sa kuke ganin ƙusoshi huɗu a bango babu komai a kansu. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, masu zuwa da ɗari biyu suna dariya ba su ne abin tsoro ba. Ku ji tsoron wanda ya shigo shiru ya zaro kuɗi daga aljihun ciki, don ba kuɗin wasa ya kawo ba, gonarsa ce ko jarinsa ya ɗora muku a tebur. Irinsu sun yarda da mu fiye da yadda muka cancanta, kuma in mun cuce su ma godiya suke yi. In irin wannan ya dube ku ya ce mi kunka gani, ku gaya masa duk abin da kuka sani, ba rabi ba. Ni zan shige ofis in rufe ƙofa, ban ji ba ban gani ba. Wannan kaɗai nake iya yi muku, kuma na san bai dawo wa Malam Arzika da albasa ko ɗaya ba.