Matar da Aka Kashe a Littafi

A unguwar Chowk ta birnin Lucknow, gidan Mushtari Bi ne na ƙarshen lungu, mai soro biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya ya durƙusa. Nan aka kawo ta amarya, ta tarar gida na da suna, tukunya kuwa wayam. Mijinta ya gaji ƙasaita, bai gaji sana'a ba. A saman rufi yake yini yana tashin tattabaru, har Allah ya karɓi abinsa. Da allura da farin zare ta riƙe 'ya'ya huɗu, tana yi wa 'yan kasuwa surfani a riguna.

Tauqir ɗan ƙanwar mijinta ne, Mumani yake ce mata, wato matar kawu. A tabarmarta ya ci shinkafa, a bakinta ya ji tarihin gidan. Da ya zama mutum ya koma Delhi, ya rubuta labari da Urdu a kan rugujewar manyan gidajen da. A ciki ya sa wata tsohuwa da ta sayar da tasoshin gado a ɓoye, ta haukace, ta mutu tana hira da bango. Suna kawai ya sauya. Mushtari Bi ta karance shi tas, don ita kaɗai ta rage a lungun mai iya karanta rubutun. Sauran sai da aka fassara shi da Hindi suka ji. Daga nan mai kayan miya ya koma yi mata magana a hankali kamar mai jinya, 'yan kasuwa kuma suka janye aikinsu, wai kada mahaukaciya ta ɓata musu yadi.

Bara sai ga Tauqir da mai ɗaukar hoto, za a sake buga littafin, ana neman hoton da za a sa a bangonsa. Suka tarar da magina suna yaɓe katangar gidan, suna rufe tsohon zanen da ke jikinta.

"Mumani! Me zan gani? Siminti a kan zanen kakanninmu?"

"Sannu da zuwa, Tauqir. Ashe ana ziyartar matattu."

"Haba, Mumani, labari ne fa. Ba ke ba ce."

"Ba ni ba ce, amma da tabon ƙunar da ke hannuna? Har tarina na asuba ka ba ta."

Ya yi 'yar dariya, ya nuna rusasshen soron. "Hoto ɗaya tak, a can. Ki yafa tsohon mayafi. Duniya ta ga abin da muka rasa."

"Muka? Kai da wa? Damina nawa ka tara bokiti a ƙarƙashin zanen kakannin naka? Kana can ɗaki mai sanyi kana kukan gidan nan, ana tafa maka. 'Ya'yanka sun iya karanta abin da ka rubuta?"

Ta nuna masa inda magina suka yaɓe.

"In hoto kake so, ga sabon bango. Ka ɗauke ni da allurata, ka sa sunana na gaskiya, ka rubuta cewa ina raye, hankalina garau, ina karɓar aiki."

"Wannan ba zai dace da littafin ba, Mumani."

"To."

Ta jawo akwatinta na pan, ganyen nan da ake taunawa, ta shafa wa ganye farar ƙasa, ta barbaɗa kayan ƙamshi, ta naɗe shi da kyau, ta miƙa masa a faranti da hannu biyu. A gidajen Lucknow, sai baƙo ya ci ya sha, ya miƙe zai tafi, sannan a ba shi wannan. Su kuwa ko ruwa ba a kawo musu ba. Mai hoton ɗan gari ne, tuni ya fara haɗa kayansa.

Tauqir ya karɓa. Bai kai bakin ƙofa ba babban magini ya leƙo.

"Bi, wancan tsohon soron fa? Mu tallafe shi?"

Ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji. "Ku rushe shi. Ɗakin ɗinki nake so a wurin, mai babbar taga."