Kwalin da babu shi

Shekara talatin na yi ina duba shanu tsakanin Gummi da Bukkuyum, ban taɓa sayar wa makiyayi abin da bai gani da idonsa ba. Da gwiwoyina suka fara ƙin babur, sai na zauna na naɗi muryata a waya: yadda ake gane ciwon hanta tun da wuri, lokacin ba da maganin tsutsa, abin da ake yi wa saniyar da ta kumbura. Darasi goma sha biyu, mutum ya biya, a tura masa, ya saurara a ruga.

Shafin tallar darussan a intanet na ba wani gwanin zane daga birni, mai yawan Turanci da ƙamshin turare. Na ce masa ya rubuta a fili cewa murya ce. Ya yi mini dariyar da ake yi wa ɗan ƙauye, wai mutane ba sa sayen abin da ba shi da jiki. Sai ya zana kwali fari fes, da hoton saniya a gefe, kamar na allurar da ake sayarwa a shago, ya rubuta "Lafiyar garkenka" da manyan baƙaƙe. Kalmar murya tana can ƙasa, ƙanana kamar ƙwayar gero. Raina bai so ba, amma na yi shiru, don kada a ce tsoho bai waye ba. Shirun nan har yau yana ci mini rai.

Shi da bai taɓa taka kashin shanu ba, ina zai san cewa rabin masu sayen hoto kawai suke karantawa?

Bayan mako uku wani dattijon makiyayi daga wajen Bukkuyum ya yi sallama a ƙofata. Na san shi, na sha yi wa shanunsa allura. Mai cajin waya ne ya nuna masa shafin, ya biya masa. Saƙon muryar ya shiga wayarsa tun ranar, bai ma san ya shiga ba.

Ya ce, "Likita, saniyata ba ta da lahiya, na sayi maganinka. Kasuwa ukku ina zuwa tasha, kowace mota taz zo in tambayi kwalina. Direbobi har dariya sunka yi min."

Na buga wa gwanin a gabansa. Wai ai an rubuta, laifin wanda bai karanta ba ne. Na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa ɗan wani ba, na sa ya sauke hoton kwalin daga shafin a ranar.

Na juyo na ce wa dattijon ya kai ni in ga saniyar, ko a bayan babur ne.

Ya ce, "Shekaranjiya munka yanka ta. Ita ka ba jikokina nono. Sunanka nij ji, shi yas sa nij jira."