Yatsun Malam a Damtsen Yara

Shekara bakwai ke nan da aka fita da Malam daga gidanmu na Mahuta. Sunansa ban taɓa faɗa ba yana raye, ba kuwa zan fara yau ba don ana rubutawa. Ni ban san baƙi ba. Ina faɗa ne ina share hawaye, ana sa muku a jarida.

Manomi ne. Da masu agajin yara suka zo yankinmu, sai suka ba shi wani ɗan zare mai launi uku na auna damtsen yaro. In ya tsaya kan ja, tamowa ce, sai asibiti. To amma ƙasarmu ƙasar masara ce. Ka ce wa mai rumbu yunwa ke cin ɗansa, ai ka zage shi. Mata suka riƙa tura yara ɗaka da sun ji sallamarsa.

Sai Malam ya naɗe zaren ya sa cikin hula. A wurin suna ko ƙofar masallaci ya kira yaro, "Zo nan, abokina, mu gaisa," ya kama damtsensa da yatsu biyu kamar wasa. In yatsun suka haɗu har ɗaya ya hau ɗaya, ba ya cewa uffan sai ya dawo gida. "Gidan wane, ƙaramar," yakan ce mini. Ni kuma in yafa mayafi in tafi da sunan aron rariya, in keɓe da uwar, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Haka muka kai yara da dama inda ake ba su abincin gyaɗar nan na leda, ba a kunyata uban kowa ba.

Amai da gudawa ne ajalinsa, tsakiyar damina. Motar agaji ta taso daga Funtua, ruwa ya cinye hanya. Ta iso ana dawowa daga maƙabarta.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Gonakin jeji an bar su saboda tsoro, rumbuna sun yi ƙasa, kunyar nan kuwa tana nan inda ya bar ta. Ni kuma ya bar mini hannunsa. Ba na iya ɗaukar yaro ban ji yatsuna sun zagaye damtsensa ba, kamar wani ke jan su.

Ranar Juma'a na ɗauki jikata Ummi. Yatsun suka haɗu, ɗaya ya hau ɗaya. Na sauko da hular daga ƙusa, na warware zaren. Ja.

Ubanta ya ce, "Haba Inna, haƙori take yi. Gidan Malam za a ce akwai yunwa?"

Na waiga in ji an ce mini gidan wane. Gidanmu ne, kuma babu mai zuwa aron rariya.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Malam bai bar nan ba. Bai bar dukiya ba, yatsu biyu ya bari, su ma ba su bar ni na yi barci ba. Zanen goyo na gefena. Gobe in Allah ya kai mu, ni zan kai ta asibiti, kowa ya gani.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.