Mutumin da Ya Ce Ya Ƙoshi

Tun ranar da likita a Gwagwalada ya ce za a yanke ƙafar ƙanena Sale idan bai kula da gyambonsa ba, nake yawan tuna kakarmu ta wajen uwa, Iya Ladi. A Yangoji muka tashi a hannunta, lokacin ba wanda ya san za a kafa babban birnin tarayya a yankin nan. Da an yi magariba sai ta tura doya cikin garwashi, mu kewaye murhu, ni da Sale da 'ya'yan maƙwabta. Hausa ba ita ta sha a nono ba, amma da ita take mana tatsuniya, tana kankare ƙunar doyar da wuƙa. "Ku matso," takan ce, "ga wata na ɗauko muku da zafinta."

Akwai wadda ba na so, ita kuwa tana yawan maimaita ta. Wai wani manomi ya je gayyar noman doya. Kowa ya tayar da tuddansa tsaf, shi kuwa nasa suka fito ƙanana, a karkace. Wani ya yi dariya, ya tambaya ko kaji ne suka yi tono a nan. Kafin a kawo tuwo kowa ya manta da maganar, ban da shi. A gayya, wanda ya yi aiki shi ke sa hannu a ƙwarya, shi kuwa ya yanke wa kansa hukunci cewa bai yi aikin da zai ci ba. Ya ce ya ƙoshi. Ya koma gida, matarsa ta kawo abinci, ya ce a ba yara. Gobe haka, jibi haka. Ya yi ta ramewa har ya koma kamar sillen kara, rannan aka share shi tare da ƙaiƙayi, ba wanda ya lura.

Sale ne mai gardama a cikinmu. Ya ce me ya hana a danne shi a ɗura masa? Iya Ladi ta yi dariya har da tari. "Kai, mijina, akuya ake wa ɗura. Wannan daga ciki ya kulle bakinsa."

Na girma na bi duniya da fatauci. Na zauna a Abidjan, na zauna a Khartum, na daɗe a Jidda. A ko'ina na ga irin mutumin nan: dattijon da ƙarfi ya ƙare masa, ya fara janye hannu daga abin da yake haƙƙinsa. Wasu garuruwan sukan kai shi wajen mai ba da shawara, wasu wajen malami. Mu a nan mukan yaba masa, mu ce mai kawaici ne.

Sale ya yi shekara talatin yana juya inji a wata masana'anta a Idu. Aka kawo sabon inji, wani oga sa'an ɗansa ya faɗa masa a gaban yara cewa kansa ba zai ɗauka ba. Ya dawo Yangoji da ciwon suga, ya zauna. Magani yana nan kan taga, 'ya'yansa sun kawo, ba ya sha. Ranar wankin gyambo a asibiti sai ya ce a bar wa mutane masu amfani layi. Sai yanzu na gane tatsuniyar ba a kan yunwa take ba. Jiki yakan bi abin da mutum ya yarda da shi game da kansa, likita kuwa jikin kaɗai ake kai masa.

Jiya matar Sale, Talatu, ta tare ni a ƙofar gida, ta roƙe ni in yi masa magana, tunda ni ne babba. Na zauna kusa da shi a kan tabarma. Na tuna masa 'ya'yan da ya ilimantar, da ɗakin da ya gina wa mahaifiyarmu. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah. Ya saurare ni har na gama.

"To, Yaya," ya ce. "Ka yi haƙuri, an taso ka saboda ni."

Sai ya ja bakin rigarsa ya rufe ƙafar, wai kada warin ya dame ni.