Ruwan Alwalar Baba Mai Kwalekwale

Baba Mai Kwalekwale dai a bakin ƙaramin dam ɗin nan ya tsufa. Yana saurayi aka tara ƙasa aka tare rafin, ba don noma ba, don kawai mutane su zo shan iska ranar hutu. Har da kwandonsa a jidon ƙasar. Da aka gama ya sayi kwalekwale yana zagayawa da baƙi. Da sana'ar ya aurar da 'yarsa, ya ba su fili a gangare, ƙasan dam ɗin, suka gina.

To, a gindin bangon dam ɗin ta baya akwai wani ɗan ruwa mai tsattsafowa, sanyi ƙalau. Shekara arba'in nan yake alwala. Ya ce kyautar Allah ce.

Bara sai ga injiniya ya zo duba dam, ya tsuguna a wurin.

"Baba, wannan ba idon ruwa ba ne. Dam ɗin ne ke yoyo."

"Innalillahi! Zai fashe?"

"Ba lallai ba."

"Ba zai fashe ba ke nan?"

"Ban ce ba."

"In toshe?"

"Kul! Ka riƙa dubawa dai. In garau yake, da sauƙi. In ya yi ja, ƙasar ciki yake ci, a kwashe mutanen gangare."

Ya shiga mota ya tafi, ya bar bawan Allah da buɗaɗɗen baki.

Baba ya sayi kofin gilashi. Kullum da hantsi ya ɗebo ya ɗaga sama. Ga yana a idonsa, komai dishi-dishi yake gani. Sai ya kai wa matarsa.

"Ke, duba min."

"Kamar da ɗan ja-ja."

"Kamar, ko akwai?"

"Malam, ka ma wanke kofin kuwa?"

Ya kai wa 'yar, ta ce, "Haba Baba, garau yake. Jiya ma haka ka tayar mana da hankali."

Ya rasa ta wa zai ɗauka. Ranar da ruwan farko na damina ya sauka bai tambayi kowa ba, ya gangara ya taso jikokinsa huɗu ya hawo da su ɗakinsa na kan tudu. Uwar ta biyo su tana mita. Ya bar musu ɗakin, ya koma rumfar kwalekwale da tabarmarsa har damina ta wuce.

Dam dai yana nan, alhamdulillahi. Baba na alwalarsa a wurin har yau. In ya idar, sai ya ɗaga kofi ya yi ta kallo.